Daga Taimakon Kai zuwa Ƙaunar Kai: Tarihin Littattafan Gyaran Rayuwa, 1859–2013

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukuni na littattafai da ake kira littattafan taimakon kai, watau waɗanda ake wallafawa domin mai karatu ya gyara halinsa ko tunaninsa ko sana'arsa da kansa, ba tare da ya zauna gaban malami ko likita ba. Irin waɗannan littattafai suna cikin waɗanda aka fi saye a duniya, kuma da yawa daga cikinsu alkawari ɗaya suke yi wa mai karatu, cewa in ya koyi ƙaunar kansa, ya kuma riƙa kyautata zato ga abin da gobe za ta zo da shi, to al'amuransa za su daidaita. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan alkawari tun daga Ingila ta 1859, domin a ga inda ya samo asali, da yadda ya yi ta sauya kama, da kuma abin da bincike ya tabbatar ko ya ƙaryata game da shi.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a daidaita kalmomi. A Hausa "son kai" aibu ne, haka ma "girman kai" da "ji da kai", kuma an ce yabon kai jahilci. Abin da marubutan waɗannan littattafai suke nufi shi ne mutum ya ga kansa da daraja, kada ya riƙa wulaƙanta kansa a zuci. Saboda haka a nan za a yi amfani da "ƙaunar kai" da "ganin darajar kai". Su ma Turawa sun daɗe suna fama da wannan rikici na ma'ana. Tun a 1755 Jean-Jacques Rousseau ya bambanta ƙaunar kai ta halitta, wadda ke sa mai rai ya kiyaye ransa, da wadda ke tasowa daga gwada kai da wasu da neman a fi su.

2.0 Samuel Smiles da Zamanin Hali

Wanda ya raɗa wa wannan fanni suna shi ne Samuel Smiles, mutumin Sikotilan, wanda aka haifa a 1812. Ya yi karatun likita, sa'an nan ya koma aikin jarida a birnin Leeds, daga baya kuma ya zama sakataren kamfanin jirgin ƙasa. A 1845 wasu samari ma'aikata na Leeds, waɗanda suka kafa ƙungiyar koya wa juna karatu da lissafi da dare, suka gayyace shi ya yi musu jawabi. Ɗakin da suke taruwa a ciki tsohon asibitin masu kwalara ne da mutane ke gudu, shi ya sa suka same shi da araha. Daga waɗannan jawabai ne littafinsa mai suna Self-Help, watau taimakon kai, ya tsiro. Wani kamfanin ɗab'i ya ƙi karɓarsa, sai a 1859 kamfanin John Murray ya buga shi, a shekarar da ya buga shahararren littafin Charles Darwin. An sayar da kwafi 20,000 a shekarar farko, kuma kafin Smiles ya rasu a 1904 an sayar da kimanin kwafi 250,000.

Littafin tarin labarai ne na mutanen da suka taso daga talauci suka yi fice ta hanyar naci. Akwai George Stephenson, injiniyan jirgin ƙasa, wanda sai da ya kai shekara 18 kafin ya koyi karatu. Akwai Bernard Palissy, maginin tukwane na Faransa, wanda ya yi shekara 16 yana neman sirrin ƙyallin tangaran, har ya kai ga ƙona kujerun gidansa don kada wutar matoyarsa ta mutu. Darasin da Smiles yake fitarwa daga labaran nan bai wuce abin da Bahaushe ke nufi ba in ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune: haƙuri, da tsimi, da riƙon amana, da kula da ƙananan ayyuka. Bai damu da yadda mai karatu yake ji game da kansa ba. Abin da ya dame shi shi ne abin da mai karatu zai yi da sa'o'insa na yamma bayan an tashi daga masana'anta.

An yi wa littafin suka iri biyu tun marubucin yana da rai. Na farko, an ce yana koyar da son kai. A gabatarwar bugun 1866 Smiles ya nuna takaicinsa cewa sunan littafin ya sa wasu sun fahimce shi haka, ya kuma bayyana cewa taimakon kai na gaskiya ya haɗa da taimakon maƙwabci. Na biyu, an ce ya tara waɗanda suka yi nasara kawai, ya manta da dubbai da suka yi irin wannan naci suka mutu cikin talauci saboda ƙarancin lada da rashin makaranta. Wannan suka ta biyu ba ta rabu da fannin ba har yau.

Littafin ya tsallaka teku da wuri. Nakamura Masanao ya fassara shi zuwa Japananci a 1871, samarin sabuwar Japan suka yi ta rububinsa. A 1880 Yaƙub Sarruf ya fitar da fassarar Larabci a Berut da sunan Sirrun Najah, kuma marubucin nan Jurji Zaidan ya ambata a tarihin rayuwarsa irin tasirin da karanta shi ya yi masa yana saurayi.

3.0 Amurka da Ƙarfin Tunani

A Amurka ne alkawarin ya yi sauyin farko. Phineas Quimby, wani mai gyaran agogo a jihar Maine wanda ya rasu a 1866, ya riƙa koyar da cewa cuta tana tasowa daga kuskuren da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa, in an gyara ƙudurin jiki zai warke. Daga almajiransa ne aka sami tafarkin da aka sani da Sabon Tunani. A farko maganar lafiya ake yi, amma kafin ƙarshen ƙarni na 19 an faɗaɗa ta zuwa dukiya da ɗaukaka. Rayuwar Orison Swett Marden ta nuna yadda hanyoyin biyu suka haɗu. Maraya ne da ya tsinci littafin Smiles a ɗakin ajiya na gidan da yake aikatau, ya ƙudurta zai zama Smiles na Amurka. Ya wallafa littafinsa na farko a 1894, ya kafa mujallar Success a 1897, amma littattafansa na baya sun fi karkata ga ƙarfin tunani fiye da guminsa.

Daga Faransa kuma sai ga Émile Coué, mai haɗa magunguna, wanda ya lura cewa magani ya fi yi wa mutum aiki in an yaba masa shi lokacin da ake miƙa masa. Ya tsara wata gajeriyar jimla mai nuna cewa kullum ana samun sauƙi, ya umarci marasa lafiya su maimaita ta sau 20 safe da dare, suna ƙirgawa da zare mai ƙulli 20 kamar mai jan carbi. Da ya ziyarci Amurka a 1923 jama'a sun yi cincirindo wajen saurarensa. Daga gare shi ne littattafan baya suka gaji al'adar maimaita kalmomin ƙarfafa zuciya.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 ta buɗe wa wannan fanni babbar kasuwa, domin a 1933 kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu a Amurka ba shi da aiki. A 1936 Dale Carnegie, wanda ya daɗe yana koyar da dabarun jawabi a Niyok, ya fitar da littafinsa kan yadda ake samun abokai da shawo kan mutane. A 1937 Napoleon Hill ya fitar da nasa, wanda ke cewa arziki daga tunani yake farawa. Hill ya yi da'awar cewa attajirin nan Andrew Carnegie ne ya ɗora masa aikin binciken sirrin masu kuɗi, amma masu nazarin tarihin attajirin ba su sami shaidar cewa sun taɓa haɗuwa ba. Masanin tarihi Warren Susman ya bayyana wannan zamani da cewa an tashi daga al'adar hali an koma al'adar farin jini. Dalilin a fili yake: mai ƙaramar sana'a na zamanin Smiles da aikin hannunsa ake auna shi, shi kuwa ma'aikacin babban kamfani, wanda ke tallar haja ko neman ƙarin girma, dole ne ya iya shiga ran mutane.

Wanda ya kai wannan tafarki ƙololuwa shi ne Norman Vincent Peale, limamin wani coci a Niyok. Littafinsa na 1952 kan ƙarfin kyakkyawan tunani ya yi mako 186 cikin jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times. Ya haɗa ayoyin Baibul da dabarun Coué, ya umarci mai karatu ya riƙa hango nasararsa a zuci yana korar duk wani tunani na gazawa. A 1955 wani likitan ƙwaƙwalwa, R. C. Murphy, ya soki dabarun a mujallar The Nation, yana ganin suna dushe hankali, suna hana mutum fuskantar ainihin abin da ke damunsa.

Wannan igiyar ruwa ta isa ƙasashen Musulmi ta hanyar fassara. Bayan an mai da littafin Carnegie na 1948 kan barin damuwa zuwa Larabci, malamin Masar Shaihu Muhammad al-Gazali ya wallafa Jaddid Hayataka a cikin shekarun 1950, inda ya bi batutuwan Carnegie yana nuna tushensu a Alƙur'ani da Hadisi. Ga alama dai kowace al'umma da ta karɓi waɗannan littattafai sai ta sa musu rigarta.

4.0 Zamanin Ganin Darajar Kai

Sauyi na biyu daga ilimin halayyar ɗan Adam ya fito. Tun a 1890 William James ya yi bayanin cewa darajar da mutum ke gani ga kansa ita ce nasararsa in an auna ta da burinsa, saboda haka ana iya ɗaga ta ta ƙara nasara ko ta rage buri. Erich Fromm, a wata maƙala ta 1939 da kuma littafinsa na 1956 kan soyayya, ya yi jayayya cewa son kai da ƙaunar kai kishiyoyi ne, domin mai son kai ramin da ke cikin zuciyarsa yake ƙoƙarin cikewa, wanda kuwa ya natsu da kansa shi ne ke da abin da zai ba wani. A 1965 Morris Rosenberg ya tsara ma'auni mai tambayoyi 10, ya gwada shi a kan ɗaliban sakandare fiye da 5,000 a jihar Niyok. Da aka sami ma'auni sai bincike ya yawaita. A 1969 Nathaniel Branden ya wallafa littafin da ya sa ganin darajar kai a tsakiyar lafiyar zuciya baki ɗaya.

Daga nan marubutan kasuwa suka karɓa. Louise Hay, a littafinta na 1984, ta koyar da cewa rashin ƙaunar kai shi ne tushen matsalolin mutum, ta umarci mai karatu ya tsaya gaban madubi yana faɗa wa kansa kalmomin ƙauna, har ma ta jera cututtuka tana danganta kowace da wani irin mummunan tunani. Likitanci bai tabbatar da wannan jeri ba.

Batun ya kai ga shiga dokar gwamnati. A 1986 ɗan majalisar jihar Kalifoniya, John Vasconcellos, ya sa aka kafa kwamitin bunƙasa ganin darajar kai, aka ware masa dala 245,000 a kowace shekara har shekara uku. Fatarsa ita ce abin ya zama kamar allurar rigakafi ga aikata laifi, da shaye-shaye, da cikin 'yan mata, da faɗuwa jarrabawa. Kwamitin ya nemi malaman Jami'ar Kalifoniya su tattara shaida. Da littafinsu ya fito a 1989, Neil Smelser, masanin zamantakewa da ya rubuta gabatarwarsa, ya bayyana cewa alaƙar da ake zato tsakanin ganin darajar kai da waɗannan matsaloli ko dai mai rauni ce, ko mai karo da juna, ko kuma babu ita. Duk da haka rahoton ƙarshe na 1990 ya fito da ƙarfin gwiwa, makarantu da yawa a Amurka kuma suka shigar da darussan yabon kai cikin manhajarsu.

5.0 Abin da Bincike ya Nuna

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa uku suka tace kimanin maƙalu 15,000, suka sami kusan 200 kacal da suka cika sharuɗɗan ingancin da suka gindaya. Sun gano cewa ganin darajar kai yana tafiya tare da farin ciki da kuma ƙarfin halin sake gwadawa bayan faɗuwa. Amma game da makaranta, shaidar ta fi nuna cewa ƙoƙarin ɗalibi ne ke haifar da ganin darajar kai, ɗaga shi da yabo kawai ba ya ƙara maki. Tun a 1996 Baumeister ya nuna cewa masu tashin hankali sau da yawa mutane ne masu kumburarren ra'ayi game da kansu, waɗanda ke fusata in an taɓa shi. Bincike na baya ya ɗan sassauta hukuncin: a 2022 Ulrich Orth da Richard Robins, bisa nazarce-nazarcen da suka bi mutane shekara da shekaru, sun nuna cewa ganin darajar kai na gaskiya, wanda aka raba shi da ji da kai, yana da amfani matsakaici ga zumunci da aiki da lafiya.

Dabarun littattafan ma an gwada su. A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada, tare da abokan aikinta, ta sa mutane su riƙa maimaita wata jimla mai cewa su abin ƙauna ne. Waɗanda dama suna ganin darajar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda ba sa gani kuwa, watau ainihin waɗanda aka rubuta littattafan dominsu, ransu ƙara ɓaci ya yi, domin zuciya takan tashi da hujjojin musu in an faɗa mata abin da ba ta yarda da shi ba. Haka kuma Gabriele Oettingen ta shafe shekaru tana nuna cewa wanda ya nutse cikin mafarkin nasara yakan ji kamar ya riga ya samu, sai himmarsa ta yi sanyi. Abin da ya fi aiki a gwaje-gwajenta shi ne mutum ya hango burinsa, sa'an nan ya dubi cikas ɗin da ke gabansa, ya tsara abin da zai yi in ya ci karo da shi.

Akwai kuma illa ta ɗabi'a. In tunani ne ke jawo duk abin da ya sami mutum, kamar yadda littafin Rhonda Byrne na 2006 ya koyar, to marar lafiya da wanda aka kora daga aiki su ne masu laifin halin da suke ciki. Barbara Ehrenreich, wadda ta yi jinyar sankarar mama, ta bayyana a littafinta na 2009 yadda ake matsa wa masu jinya su riƙa fara'a, har wadda ciwonta ya tsananta ta ɗauka gazawarta ce.

Daga cikin masana aka sami wata mafita. A 2003 Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta gabatar da ma'aunin tausaya wa kai, wanda ya ƙunshi sassauta wa kai lokacin kuskure, da tuna cewa gazawa abu ne da ya game 'yan Adam duka, da kallon damuwa yadda take ba tare da ƙari ko musu ba. Bambancinsa da yabon kai shi ne ba ya bukatar mutum ya ga ya fi kowa, kuma yana nan a ranar da aka faɗi.

6.0 Littafi a Matsayin Magani

Duk wannan ba ya nufin karatu ba ya magani. Tunanin tsoho ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ba da shawara a littafinsa kan maslahar jiki da rai cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. A zamanin nan kuwa, Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya kafa hanyar jinyar ciwon damuwa ta gyaran tunani a shekarun 1960, almajirinsa David Burns kuma ya mai da ita littafi don jama'a a 1980. Littafin Burns ba ya ce wa mai karatu ya yabi kansa. Aiki yake ba shi: ya rubuta tunanin da ke ƙuntata masa, ya nemi shaidar da ke goyon bayansa da wadda ke rushe shi, sa'an nan ya rubuta wani wanda ya fi kusa da gaskiya. Forrest Scogin da abokansa sun gwada littafin tun ƙarshen shekarun 1980, suka ga masu ciwon damuwa marar tsanani sun sami sauƙi bayan mako huɗu na karatu. Nazarce-nazarcen baya sun ƙara da cewa amfanin ya fi yawa in akwai ma'aikacin lafiya da ke bibiyar mai karatun.

Bisa irin wannan shaida ne Neil Frude ya fara wani tsari a birnin Cardiff a 2003, inda likita ke rubuta wa marar lafiya sunan littafi ya je ya ara a laburare. Tsarin ya game yankin Wales a 2005, Ingila kuma ta ɗauki irinsa a 2013. Sai dai littattafan da aka tantance ta wannan hanya 'yan kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa ba a taɓa gwada su ba, kamar yadda Gerald Rosen ya yi ta faɗakarwa tun shekarun 1970. Ciwon damuwa mai tsanani kuwa likita yake bukata.

7.0 Kammalawa

An ga yadda littafin taimakon kai ya fara da neman aiki daga mai karatu, ya koma neman tunani, daga bisani ya koma neman yadda yake ji game da kansa. An kuma ga cewa kowane sauyi ya zo ne da sauyin yanayin neman abinci da na ilimi a ƙasashen da aka rubuta littattafan. Abin da bincike ya fi goyon baya ya fi kusa da inda aka faro, watau littafin da ke ba mai karatu aikin da zai yi ya ga sakamako, tare da ƙarin da Smiles bai kula da shi ba, na mutum ya sassauta wa kansa in ya faɗi.

Ga malami ko mai fassara da zai kawo irin wannan littafi ga ɗaliban Hausa, zaɓen kalma shi ne matakin farko. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, A. H. M. Kirk-Greene ya jera siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su, daga gaskiya da amana zuwa kunya da adalci, kuma kusan dukkansu a cikin zama da jama'a ake ganinsu. Daga cikinsu "mutunci" ne ya fi kusa da abin da ake nema, domin mutum yana riƙe nasa, yana iya zubar da shi, kuma ana sa ran ya kiyaye na wani. Fassarar da ta ce wa ɗalibi ya so kansa za ta ci karo da tarbiyyar da ya taso da ita, ko kuma ya fahimce ta a karkace. Wadda ta ce masa ya san mutuncin kansa za ta sami gurbi a cikin harshen, sa'an nan sauran aiki shi ne a duba ko littafin yana da darasin da aka gwada aka ga amfaninsa.